Allurar Da Aka Bari A Cikin Tauraro

"Ina tauraron Halimatou?"

Hajiya Tabawa ba ta ɗaga murya ba.

Safiatou na durƙushe a tsakiyar falon gidan da ke unguwar Banifandou, bargon da ta daɗe tana ƙarasawa shimfiɗe a gabanta. Taurari ne jere reras, kowanne an haɗa shi da ƙananan ƙyallayen atamfa da shadda. Ta zo ne da murnarta, har da sabon gyale.

"Ga shi nan, Hajiya..." ta nuna shuɗin tauraron da ke tsakiya. "Ɗan gyara shi na yi. Tsinayensa duk sun karkace, ɗinkin ya saki, sai na farke na sake..."

"Kika yi me?"

"Na... farke."

Murmushin da Mansur, ɗan Hajiya, ke yi a bakin ƙofa ya ɗauke cak.

Hajiya ta sauko daga kujera da kyar, ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta kan tauraron tana laluben wani abu.

"Allurar fa? Akwai allura soke a nan."

"Ta yi tsatsa, Hajiya, har ta ɓata shaddar. Na cire ta."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Da gudu Fa'iza, ɗiyar ƙanin Hajiya, ta fito daga kicin ta riƙe kafaɗun Hajiya.

"Tanti! Tanti ki yi haƙuri, tansiyonki zai hau, kin san kina da hawan jini!" Sannan ta juyo ta watsa wa Safiatou harara. "Ke kuwa wa ya aike ki? Ɗinkin mamaciya za ki sa wa reza?"

Safiatou ta saki baki tana kallonta. Wannan bakin dai, wannan bakin ne ya ce mata ta farke!

"Mansur," in ji Hajiya, hawaye na bin fuskarta, "akwatina ka buɗe? Abin da ya rage mini na ɗiyata ka ɗauka ka kai wa 'yar tela ta yayyage?"

"Mama, wallahi don ki ji daɗi na..."

"Ke, naɗe shi ki fita mini da shi. Wannan ba na Halimatou ba ne yanzu, naki ne. Kai kuma, in dai ni na haife ka, maganar aurenta ta mutu yau!"

Safiatou ba ta san yadda aka yi ta naɗe bargon ba. Ita dai ta tsinci kanta cikin taksi, rungume da shi, ana ƙetare gadar kogi zuwa unguwarsu Harobanda, tana kuka kamar ranta zai fita.

*

Duk wanda ya san Safiatou ya san halinta ɗaya: ba ta iya ganin karkataccen ɗinki ta kau da kai. Ko a gidan biki take, in ta hango hannun rigar wata ya fi ɗaya tsawo, to abincin ya fita ranta. Mahaifinta, Malam Tanimu, tela ne da ya taso daga Tahoua tun da ƙuruciya, a ƙarƙashin kekensa ta yi rarrafe, a shagonsa kuma take aiki.

Wannan halin ne ma ya haɗa ta da Mansur. Ya kawo babbar rigarsa a sa masa maɓalli, ta dube shi sama da ƙasa ta ce aljihun ya karkace, kuma wanda ya ɗinka ya cuce shi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar, rigunan Mansur suka shiga lalacewa ba dalili.

Hajiya Tabawa ta ce atafau. Su 'yan kasuwa ne na asali daga Damagaram, ɗanta ɗaya tilo da ya rage ba zai ƙetare gada ya kwaso mata 'yar tela ba, alhali ga Fa'iza, ɗiyar ƙaninta, ta girma a hannunta.

Sai kwatsam Fa'iza ta sauko. Ta ce wa Mansur ta haƙura, so ba ya zama dole, har ta ba shi shawara: ya ɗauki bargon da yayarsa Halimatou ta fara ba ta gama ba Allah ya yi mata rasuwa, ya kai wa Safiatou ta ƙarasa. In Tanti ta gani, zuciyarta za ta yi sanyi.

Bargon kuwa ba bargo ne kawai ba. Duk bikin da aka yi a dangi, aure ko suna, akwai inifom ɗinsa, wato zanen da mata ke ɗinkawa iri ɗaya. Halimatou takan bi teloli ta tattara guntayen, ta haɗa tauraro ɗaya da kowane biki. Na tsakiyar, shuɗin, shaddar aurenta ce. A kusurwa ɗaya kuma ta bar farin gurbi, ta ce na inifom ɗin auren ƙanenta Mansur ne.

Fa'iza da kanta ta tako har shago, tana ƙamshin turare, tana "'yar'uwata" kaza, "'yar'uwata" kaza. Ta ɗora farcenta kan tauraron tsakiya.

"Wannan ne ke ɓata wa Tanti rai, shi ya sa ta rufe shi a akwati. In kika daidaita mata shi, kin gama da ita."

Gaskiya dai a faɗe ta: ko da Fa'iza ba ta ce komai ba, hannun Safiatou na ta ƙaiƙayi a kan tauraron nan tun ranar da ta fara ganinsa.

*

Malam Tanimu ya saurari labarin tsaf, ƙafarsa kan keke, bai taka ba.

"Ɗiyata, garin neman gira kinka rasa ido."

"Baba, ce mini aka yi..."

"Anka ce miki, na ji. Amma hannun wa ya riƙe rezar?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sau nawa ina hwaɗa miki, in anka kawo miki tsohon ɗinki, ki tambayi mai shi kafin ki taɓa? Ba kowace karkata ce kuskure ba. Wata gajiya ce, wata ciwo."

Kuka ya sake ƙwace mata. Tana cikin yi motar Mansur ta tsaya a ƙofar shago. Malam Tanimu ya amsa gaisuwarsa a taƙaice, ya zura takalmi ya ce zai leƙa masallaci, ko da yake da sauran lokaci.

Mansur ya tsuguna a gabanta. Idanunsa sun yi jajir.

"Safi... ki dube ni."

Ta ƙi.

"Rabin raina, laifina ne. Ina ƙasar Marok ina karatu Yaya Halimatou ta rasu, ko gawarta ban gani ba. Ban san komai kan tauraron nan ba sai yau. Ashe a kan gadon jinya ta ɗinka shi, hannunta na rawa. Shi ne abu na ƙarshe da ta taɓa a duniya..."

"Wayyo Allah na!" Safiatou ta dafe ƙirji. "Ni kuwa na zauna ina tsintar zarenta ɗaya bayan ɗaya, har ina tsaki!"

"Ba ki sani ba ne."

"Ban tambaya ba dai!"

Sai ya ce, "Zan je wurin kawunnaina. Su za su ɗaura mana aure, ko Mama ta so ko..."

"Kar ka ƙarasa!" Sai yanzu ta ɗago ta dube shi. "Na raba ta da ɗinkin ɗiyarta, sannan in raba ta da ɗanta? Ina son ka, Mansur, Allah ya sani ina son ka har ban san iyaka ba. Amma ba zan shiga gidanka uwarka na kuka da ni ba."

"To in yi yaya? Ki faɗa mini in yi yaya, sheri, masoyiyata! Mama ta ce bayan Sallah za a sa ranata da Fa'iza!"

Maganar ta soke ta, amma ta cije.

"Ka tafi gida. Kada ka sake zuwa sai na neme ka."

"Safi..."

"Don Allah ka tafi, kafin in kasa."

Ya fita yana waiwaye. Ita kuwa ta kifa kai kan bargon, ta jiƙa tauraron bikin wata da ba ta taɓa sani ba.

*

Washegari da hantsi Malam Tanimu ya same ta zaune ta zuba wa bargon ido.

"Kin yi mishi guga bayan kinka hwarke?"

"Sama-sama."

"To ki gode Allah shadda ce. Atamfa kan manta, shadda ba ta manta huda. Ɗaga ta ga rana ki gani."

Allah ya taimake ta ba ta rufe bakin bargon ba, saboda farin gurbin nan da ke jira. Ta zare shafin baya, ta farke nata ɗinkin, wanda ta yi alfahari da shi, ta fito ƙofar shago ta ɗaga ƙyallen farko saitin rana.

Ga su nan!

Ƙananan huda, haske na ratsowa ta cikinsu. Wasu sun matse, wasu sun yi nisa da juna, wasu sun bar hanya sun dawo, kamar sawun wanda ke tafiya jiri na ɗibarsa.

Ta zauna ta sa zare a allura. Ba keke, da hannu. Duk inda allurar Halimatou ta shiga, nan tata ke shiga, duk inda ta fita, nan tata ke fita.

Ba ta taɓa aikin da ya wahalar da ita kamar wannan ba. Hannunta ya saba da miƙewa, sai ya zarce, sai ta dawo ta warware. A wani wuri hudar ta taru cunkus, alamar mai ɗinkin ta yi ta ƙoƙarin soka wuri ɗaya tana kuskurewa. Da Safiatou ta zo nan sai ta ajiye allurar ta yi kuka mai isarta. Wannan ne wurin da ta fi yi wa tsaki.

Kwanaki suka shuɗe. Masu kaya suka yi ta zarya suna mita, Malam Tanimu na ba su haƙuri. Saƙonnin Mansur na shigowa tilehon, tana karantawa, ba ta amsawa. Ta rame, wuyanta ya ƙage.

Tsini bayan tsini, tauraron ya koma karkatarsa.

Da ta ɗaga ƙyallen tsini na ƙarshe, wanda tabon tsatsa ke jikinsa, sai ta tsaya.

Wannan hudar daban ce. Ƙanana ne, a jere, a miƙe sambal, aikin hannu mai lafiya wanda ya san allura. Sun tafi har rabin hanya, suka tsaya cak a kan tabon.

Ta daɗe tana kallo.

Ba ta ɗinka wannan tsinin ba. Ta buɗe gwangwanin da suke tara tsofaffin allurai don kada wani ya taka, ta tono mai tsatsar, ta soke ta a inda ta same ta.

*

Bayan la'asar Safiatou ta sauka a Banifandou. Fa'iza ce ta buɗe ƙofa, da lalle ja a hannu.

"A'a! 'Yar tela? Wani abin kika zo farkewa?"

"Wurin Hajiya na zo."

"Tanti na hutawa." Ta rage murya tana murmushi. "Ke ma dai da wauta. Daga an ce ki taɓa sai ki taɓa? Kala suru, sai haƙuri, 'yar'uwata, in an tashi rabon inifom zan aiko miki da ɗinki."

Safiatou ta leƙa ta bayan kafaɗarta. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Salamu alaikum, Hajiya! Safiatou ce!"



Har Fa'iza ta fara tura ƙofa, sai muryar Hajiya ta fito daga ciki, a dishe.

"Bar ta ta shigo. Ke kuma ki ba mu wuri."

Hajiya na zaune kan sallaya, carbi a hannu. Ita ma ta zabge. Safiatou ta durƙusa daga nesa, ta warware bargon a hankali.

Hajiya ta kalli tauraron. Ta jawo shi kusa, ta bi ɗinkin da yatsa, tsini ɗaya, na biyu, na uku...

"Wannan ba hannun Halimatou ba ne."

"Ba nata ba ne, Hajiya. Nawa ne. Nata na farke shi, ba zai dawo ba har abada, kuma ba ni da abin da zan biya ki. Sawunta kawai na bi. Ban zo don ki ba ni Mansur ba... na zo ne in maido miki abinki, in roƙi gafara."

"Wa ya ce ki farke?"

"Hannuna ne ya farke."

Hajiya ta ɗago ta yi mata wani irin kallo. Yatsanta ya ci gaba da tafiya har ya ci karo da allurar.

Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

"Wannan fa? Don me kika bar shi a buɗe?"

"Don ba sawunta ba ne. Hannun wani ne, mai lafiya. Ban san na wane ne ba... kuma na daina taɓa abin da ban tambaya ba."

Carbin ya suɓuce daga hannun Hajiya.

Kukan da ta fashe da shi, ba irin na ranar farko ba ne. Wannan daga can ƙasa ya taso, ya daɗe yana jiran hanya.

"Nawa ne..." ta ce da kyar. "Nawa ne, yarinya! Ta miƙo mini ta ce, 'Mama, hannuna ya gaji, ƙarasa mini wannan tsinin.' Na karɓa. Na zauna bakin gadonta ina ɗinki, ina mata hira, ina ce mata dubi yadda kika karkata shi, ke ba ki iya komai ba... Ina ta surutu! Da na ɗago in nuna mata, ta tafi. Ɗiyata ta cika a gefena, ni idona na kan allura!"

Safiatou ba ta san lokacin da ta rarrafa ta kama hannuwanta ba.

"Tun ranar ban sake riƙe allura ba. Mutane na cewa Halimatou ce ta bar ta a nan, ni kuwa na yi shiru. Ba wanda na taɓa faɗa wa."

"Hajiya... ai muryarki take ji. Ba ita kaɗai ta tafi ba, kina mata hira."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Sun daɗe a haka, tantabaru na kuka daga tsakar gida.

Can ta share ido, ta ja dogon numfashi.

"Kin ƙi faɗa, amma ni ba yarinya ba ce. Mansur bai san inda nake ajiye makullin akwatina ba. Mutum ɗaya ce ta sani, kuma ta san abin da tauraron nan yake a wurina, don a gabanta nake buɗe shi in yi kuka." Ta girgiza kai. "Ke kin ɓata da rashin sani. Ita da saninta ta ɗauki ciwona ta yi tarko da shi. Gobe za ta koma Damagaram wurin ubanta."

Wani abu ya faɗi a bayan labule, sai ƙarar takalmi da gudu. Ashe Fa'iza na laɓe.

Hajiya ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta zare allurar mai tsatsa, ta juya ta a tafin hannu, ta ƙulle ta a bakin mayafinta.

"Kina da wata?"

Tela ba ya rasa allura. Safiatou ta zaro ɗaya daga gefen gyalenta.

"Sa mini zare. Idona ba ya gani yanzu."

Sai a karo na uku zaren ya shiga.

Hajiya ta yi bisimilla, ta soka daga kan tabon tsatsar. Shekaru sun ci hannun. Ɗinkin ya fara a miƙe, ya ɗan kauce, ya sake kaucewa, tsinin na karkata a kan idon Safiatou.

Yatsunta suka motsa da kansu.

Ta damƙe su cikin zanenta, ta danne da gwiwa.

Hajiya ta lura. Karo na farko, wani guntun murmushi ya ɓullo cikin hawayenta.

"Ya karkace ko?"

"Ya yi daidai, Hajiya."

"Maƙaryaciya. Ya karkace mana!"

"To a bar shi haka."

A daidai nan Mansur ya yi sallama, ya dawo daga kanti. Ya tsaya turus a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, yana kallon uwarsa da allura, yana kallon wadda ya yi kwanaki bai sa a ido ba.

"Mama...? Safi...?"

"Ka tsare mana haske, matsa," in ji Hajiya, ba ta ɗago ba.

Ya matsa, ya sulale ya zauna a ƙasa. Safiatou ta saci kallonsa, ya motsa leɓe ba sauti, "Rabin raina." Ta yi maza ta sunkuyar da kai, kunya da daɗi suka rufe ta.

Hajiya ta kai ƙarshen tsinin, ta ƙulla zaren, ta gatse shi da haƙori. Ta shafa tauraron sau ɗaya, a hankali, kamar mai shafa kan yaro. Sannan ta jawo kusurwar bargon, inda farin gurbin nan yake, ta ɗora shi kan cinyar Safiatou.

"Halimatou ta ce wannan na inifom ɗin auren ƙanenta ne. Ya daɗe yana jira."

Safiatou ta ɗora hannu kan farin gurbin.

"Ki ce wa mahaifinki mutanenmu na nan tafe ran Juma'a. Zanen kuma ke za ki zaɓa, ke za ki yanka." Ta miƙa mata allurar. "Amma tare za mu ɗinka, ɗiyata. In nawa ya karkace, kada ki farke."